Ramin Baba Mai Gareji

Ina kusa da gama sakandare garin nan na Jos ya yi tashin hankalin da ya raba mu da gidanmu. Haya muke yi a lokacin, can gefen Anguwan Rukuba, ni da Inna da ƙanena. Mahaifinmu direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida, ran nan ma yana hanya. Da hantsi muka fara jin ihu daga bakin titi, kafin azahar hayaƙi ya tashi ta ko'ina. Inna ta bar tukunya a kan wuta, ta fizgi hannun ƙanena, muka fita ta ƙofar baya, ko takalmi babu a ƙafata.

Abin da na gani a bakin lungu ba na son faɗarsa, amma zan faɗa. Mai shayin da muke sayen burodi a wurinsa ne a ƙasa, an taru a kansa da gora da adda. Yana ɗaga hannu yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, don duk ya san su, wasu ma a teburinsa suke karyawa kullum. Aka sare hannun da ya ɗaga. Wani saurayi yana ta gangaro da tsohuwar taya, wani yana biye da shi da galan ɗin fetur. Daga baya na ji cewa a daidai wannan lokacin, a unguwannin da namu Musulmi suka fi yawa, haka ake yi wa nasu Kiristoci, ba a rage komai ba. Amma ran nan ban san wannan ba, abin da na sani kawai shi ne na tsaya ina kallo, sai da Inna ta ɗora mini duka a baya.

A bayan layinmu akwai garejin wani bakanike, Kirista, ɗan asalin garin nan, gajere mai faɗin ƙirji. Baba mai gareji kowa yake ce masa. Tsakaninmu da shi gaisuwa ce kawai, sai ruwan da yakan aiko a ɗebo a rijiyarmu. Muna zuwa wucewa ya leƙo ta tsakanin kwanon da ya kewaye wurin da shi.

“Mama, ina za ka je? Hanya duk ya rufe. Shigo! Kai yarinya, shigo mana!”

Hausarsa ke nan, mace da namiji duk “ka” ne a bakinsa, mun sha kwaikwayonsa a gida muna dariya. Ya kai mu bakin ramin da suke shiga in za su duba ƙarƙashin mota, ya ce mu sauka. Ruwa ne da baƙin mai a ciki har gwiwa. Muna sauka ya sa kafaɗa shi kaɗai ya turo wata matacciyar bas ta rufe mu, ya jera tayoyi a gefe. Duhu ya rufe, sai ɗan haske ta tsakanin tayoyin.

Ba a jima ba samarin suka iso. Ƙafafunsu kawai nake gani, da bakin adduna suna jan ƙasa.

“Baba, an ce an ga matan nan sun shigo nan.”

“Wane mata? Ba kowa a nan. Ni da mota na ne kawai.”

Na ji ƙarar mari, na ji ƙarar gefen adda a gadon baya, irin ƙarar da ake ji in ana bugun katifa. Ya faɗi a gwiwa daidai inda nake leƙe, jini yana ɗiga daga hancinsa a kan ƙasa. Suka fasa gilasan bas ɗin, ɓaraguzai suna zubo mana ta gefe. Wani ya ce a zuba fetur a cinna wa motar wuta, in da mutum zai fito. Nan ƙanena ya fara shirin tari saboda warin mai, Inna ta cusa masa hannunta a baki. Ya cije ta har haƙoransa suka nutse, ba ta ko motsa ba. Tabon yana hannunta har ta rasu.

“Ka rantse!” in ji wani.

“Na rantse da Allah. Na rantse da yara na. In akwai mutum a nan, kada in ga yara na gobe.”

Wannan rantsuwar ce ta kore su. Muka zauna a ramin har bayan la'asar, da motar sojoji ta tsaya a titi Baba ya fito da mu ta baya. Kafin mu hau ya riƙe bakin mayafin Inna, leɓensa a kumbure, ya ce, “Mama, kada ka faɗa ma kowa. Ku za ku tafi, ni a nan zan zauna.”

Sojoji suka sauke mu a Laranto, a farfajiyar gidan wani Alhaji mai sayar da katako, inda suke tara waɗanda suka tsira. Na gani da idona ƙofar a kulle take, sai da soja ya buga ta da gindin bindiga aka buɗe. Washegari Alhajin ya fito cikin babbar riga da mai ɗaukar hoto a bayansa, ya tsaya kusa da mu ukun aka ɗauka, ƙafafunmu baƙi ƙirin har gwiwa. Daga nan muka koma unguwar Ali Kazaure, kamar yadda kowa ya koma inda nasa suke. Inna ta kafa mana doka, duk wanda ya tambayi yadda muka fita a ce masa Allah ne ya tsare. Ba mu kaɗai ba ne, garin nan cike yake da mutanen da aka ɓoye da waɗanda suka ɓoye, a kowane ɓangare, kuma kowa ya san ba a faɗa. Duk babbar sallah sai Inna ta ba wani direba ƙullin nama ya ajiye a garejin, ba saƙo ba suna.

Shekaru suka ja. Na zama malamar firamare, ƙanena ya buɗe shagon gyaran waya, Inna ta rasu. Wata rana na biya shagon daga makaranta, na tarar da shi yana huci, ya miƙo mini waya ko gaisuwa babu.

Kundin ilimin nan ne na intanet, wanda ɗalibai suke kwafar aikin gida daga cikinsa, wanda aka ce kowa yana iya shiga ya gyara. An buɗe wa Alhajin katako shafi guda, don a lokacin ya fito neman kujerar siyasa. A ciki an rubuta cewa a ranar tashin hankalin shi ya ɗauki motarsa ya shiga tsakiyar wuta, ya ɗauko matar wani direba da 'ya'yanta biyu. Ga hotonmu nan a ƙasa, Inna da hannunta a naɗe da tsumma. Na karanta, na sake karantawa, na ji kamar in rotsa wayar da ƙasa. Mutumin da sai da aka buga masa ƙofa da bindiga! Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, har hawaye na yi don takaici.

Ƙanena ya ce in bar masa. A gabana ya shiga ya goge layin. Kafin in gama shan ruwan da ya sayo mini layin ya dawo. Ya sake gogewa, ya sake dawowa. Ya nuna mini wani wuri a bayan shafin inda ake ganin duk wanda ya taɓa shi, sai ga shi mutum ɗaya ne yake mayarwa, kuma tunda aka halicce shi bai taɓa gyara komai a kundin ba sai abin da ya shafi Alhaji. Ba a sha wahalar gano shi ba, ƙanin matar Alhajin ne, mai riƙe masa harkar waya.

Da rigimar ta yi yawa sai masu kula da kundin suka shigo, mutanen da ban san a wace ƙasa suke ba, na dai tabbata ba su taɓa shan sanyin Jos ba. Suka ce a kawo madogara. Na Alhaji yana da ita: wata jarida ta taɓa hira da shi, ya faɗi labarin da bakinsa, ta buga. Wato ya faɗa wa jarida, jarida ta rubuta, kundi ya ce ai ga shi a jarida. Ƙanena ya rubuta musu cewa shi ne yaron da ke cikin hoton, yana wurin, ya san abin da ya faru. Suka amsa masa cikin ladabi cewa ba a karɓar shaidar ido, sai abin da aka wallafa. Na yi dariya ran nan, irin dariyar da ba ta da daɗi, na ce ashe ƙafafun da suka tsaya cikin baƙin mai ba su kai tawadar jarida daraja ba.

Bayan 'yan kwanaki yaran Alhaji suka same shi a shago da rana tsaka. Ɗaya ya ja ƙofa, sauran suka hau shi da gora da ƙafa. Suka buga fuskarsa a kan teburin gilashi har ya fashe, suka tattake wayoyin mutane da ke jiran gyara, ɗaya ya ɗauki ƙarfen da yake narkar da dalma da shi, da zafinsa, ya manna masa a wuya. Maƙwabta suna ji, ba wanda ya shigo sai da suka tafi. Na same shi a kemis ana ɗinke masa gira, haƙorinsa na gaba babu.

Na zaci dukan zai sa ya haƙura, ashe ƙara masa wuta ya yi.

“Yaya, madogara suke so ko? Zan kawo musu.”

“Ka manta abin da Inna ta ce?”

“Inna ta tafi, shekara nawa yanzu? Mutumin nan ya sha duka saboda mu, ɓarawo yana cin sunansa. Sai mu yi shiru har mu mutu?”

“Shi ya ce a yi shirun, ba mu ba.”

“Ba zan faɗi sunansa ba.”

Na ce ya rufa mini asiri ya bari. Ya ce to, irin “to” ɗin da nake ji a bakin ɗalibaina in sun riga sun yanke abin da za su yi. Ya samu wani ɗan jarida mai ƙaramin shafin labarai a intanet, ya ba shi labarin tun daga mai shayi har zuwa rami. Gaskiya ne bai faɗi suna ba. Amma ya je ya tsaya a tsallaken titi ya ɗauki hoton garejin, ga ramin, ga katon dutsen nan da ke bayansa mai kama da tulu a kife, wanda duk ɗan unguwar ya san shi tun yana rarrafe. Aka wallafa, ya kai wa kundin, suka karɓa. Aka cire layin Alhaji, aka sa cewa wani bakanike Kirista ne ya ɓoye iyalin a ramin garejinsa. Ƙanena ya zo gidana yana murmushi da giɓinsa. A unguwarmu aka yi ta tura labarin waya zuwa waya, ana sa wa bakaniken albarka. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don a makon garin ba lafiya, an yi kashe-kashe a ƙauyuka, kowa a wuya yake.

Ranar Asabar ina wanki wata baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar mace ce, ta ce ita 'yar Baba mai gareji ce, direban da yake kai nama ne ya ba ta lambata. Ta ce babanta yana asibiti, yana son ganina.

A barandar asibitin ta ba ni labari, tana magana tana kallon gefe. Samari ne suka zo garejin da safe, da waya a hannu, suna nuna masa hoton. Wanda ya ja su, yayansa yana cikin waɗanda namu suka kashe a waccan ranar, gawar ma ba su samu ba. Ya ce wa Baba, kai ne ka rantse da 'ya'yanka, ashe kana zaune a kan mutanen da suke yanka namu. Suka ƙone motocin mutane da ke wurin. Suka danne shi, suka ɗora hannunsa na dama a kan bakin ramin, suka yi ta dukansa da sifanar taya har ƙasusuwan suka daina ƙara. Matan layin ne suka fito suka kwanta a kansa, da sun ƙarasa shi.

“Me muka yi muku?” ta tambaye ni.

Na shiga. Ya tsufa, gashin kansa fari fat, fuskar ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Hannun yana rataye cikin bandeji kamar ƙullin kaya. Na durƙusa a gefen gadon na gaishe shi, na fara ba shi haƙuri, kuka ya ci ƙarfina.

“Bar kuka, yarinya. Mama ya rasu, na ji. Allah ya ji ƙan shi.” Ya numfasa. “Dattawa za su zauna a kan magana na. Na gaya musu ƙarya ne, siyasa ne, ni ban ɓoye kowa ba. Amma yaran nan, abin da waya ya faɗa shi suke yarda. Ka je ka mayar da shi yadda yake da. A ce Alhaji ne.”

“Baba, Alhajin nan ko ƙofa bai buɗe mana ba.”

“Ina ruwa na da Alhaji? Jikoki na suna kwana a gidan nan.”

Daga asibitin shagon ƙanena na wuce. Na faɗa masa abin da na gani, na ce ya ɗauki waya ya mayar. Ya ce shi ba zai iya rubuta da hannunsa cewa wanda ya sa aka ƙona masa wuya shi ne ya cece mu ba, sai dai a nemi wata hanya, a kai ƙara, a kira 'yan jarida. 'Yan jarida kuma! Ban san lokacin da na ɗauke shi da mari ba, a kan ɗinkin da bai gama warkewa ba. Jini ya ɓalle ya gangaro masa a ido. Tun yana yaro ban taɓa dukansa ba. Na ce masa gaskiyarka ta ci hannun mutum, so kake ta ci kansa? Bai rama ba, bai kuma ɗauki wayar ba.

Na karɓi lambar ɗan jaridar na kira shi. Na ce ni ce yarinyar da ke cikin hoton, ni ce babba, ƙanena yaro ne a lokacin, bai san komai ba, kuma haushin dukan da aka yi masa ne ya sa ya ƙirƙiri labarin. Na ce in bai sauke ba zan kai shi kotu. Kafin magariba ya sauke, har da ɗan rubutun ban haƙuri ga Alhaji.

Saura kundin. Ban taɓa gyara komai a cikinsa ba, amma na ga yadda ƙanena yake yi, kuma abin ba wuya, shi ya sa ma muka shiga wannan masifar. Na zauna a ƙofar ɗakina na buɗe rajista da sunana na gaskiya, don in wani ya bincika ya ga daga bakin wa ta fito. Na goge bakanike, na goge rami. Na rubuta cewa Alhaji ne ya shiga tsakiyar wuta da motarsa ya ɗauko matar direba da 'ya'yanta biyu, na liƙa masa tsohuwar jaridarsa a matsayin madogara. Na zauna ina jira ko wani zai tuhume ni. Abin da ya zo kawai shi ne ɗan saƙon godiya daga ƙanin matar Alhaji.

Washegari na koma asibitin. 'Yar ta karɓi wayata ta karanta masa, tana fassara masa da yarensu. Ya ce ta sake karantawa. Ta sake. Ya ce ta tura wa limamin cocinsu da mai unguwa tun kafin dattawan su zauna. Sannan ya lumshe idon da yake buɗuwa, ya sauke ajiyar zuciya.

“Yauwa. Yanzu ba ni a ciki ko?”

“Ba ka ciki, Baba.”

Ya lalubo hannuna da na hagunsa ya riƙe, yana ta sa mini albarka, yana cewa na taimake shi, Allah ya saka mini. Na ce amin. Bai sake riƙe sifana ba, amma an bar shi a gidansa, jikokinsa suna zuwa makaranta. Shafin yana nan yadda na bar shi, ɗalibai suna kwafa, kuma duk wanda ya duba bayansa zai ga ni ce ta ƙarshe da ta taɓa shi.